XRF, ICP-MS ko AAS: wace hanya za ka bi wajen auna ƙarafa masu guba a ƙurar iska?

Duk wanda aka ɗora wa aikin gano yawan dalma, kadmiyom, arsenik ko nikel da ke yawo a ƙurar iska, abin da ya fi saurin zuwa bakinsa shi ne wace na'ura zai saya, ko wane ɗakin gwaje-gwaje zai kai wa samfurinsa. Da sauran magana kafin a kai nan. Sai an fara ɗaukar biro da takarda an lissafa yawan ƙarfen da zai sauka a kan filta, domin wannan lissafin ne zai nuna na'urar da za ta iya ganinsa da wadda za ta yi ta lalube a duhu.

Ga lissafin. Dokar Tarayyar Turai ta 2004 ta sa ma'aunin da ba a so a wuce a matsakaicin shekara: nanogiram 6 na arsenik a kowace kubik mita ta iska, 5 na kadmiyom, 20 na nikel, duk a cikin ƙurar da ake kira PM10, wato wadda ƙwayoyinta ba su wuce maikuromita 10 ba. Dalma a can iyakarta nanogiram 500 ce. Amurka ta fi matse dalma, domin a 2008 ta sauke iyakarta daga maikurogiram 1.5 zuwa 0.15 a kubik mita, wato nanogiram 150. Nanogiram ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram, nanogiram dubu kuma shi ne maikurogiram ɗaya. To, ƙaramin injin zuƙar iska da aka saba da shi yana jan lita 16.7 a minti, kubik mita 24 ke nan a kwana ɗaya cur. Idan iskar tana daidai kan iyaka, arsenik ɗin da zai taru a filtar nanogiram 144 ne, kadmiyom kuma 120. Ka narkar da wannan a ruwan asid mililita 25, abin da za ka samu bai kai maikurogiram 6 a lita ba. Kuma ba wanda ke son na'urar da sai an kai iyaka sannan take gani. Ana so ta ga kashi ɗaya cikin goma na iyakar, don a san inda aka dosa tun kafin a isa. Wato kana neman hanyar da za ta auna rabin maikurogiram a lita cikin natsuwa. Wannan lambar kaɗai ta isa ta fitar da wasu hanyoyin daga takara.

Akwai dabarar kauce wa wannan matsi, ita ce babban inji mai jan sama da kubik mita ɗaya a minti. Shi a kwana ɗaya yana tace kusan kubik mita 2,000 a kan filta mai faɗin inci 8 da tsawon inci 10, ya tara maka ƙurar da ta ninka ta ƙaramin inji sau tamanin. Da irin wannan tari, ko na'ura mai raunin gani za ta samu abin kamawa. Sai dai yana da ƙara, yana shan wuta, kuma filtar da ake sa masa, ta zaren gilashi ko ta kwaz, ba ta dace da kowace hanya ba.

Maganar filta ba ƙarama ba ce, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: da zarar ka ɗebi ƙura a kan filtar da ba ta dace ba, babu gyara. Ta zaren gilashi ita ce mai araha, amma ita kanta ɗauke take da tutiya, bariyom, alminiyom da baƙin ƙarfe, har takan nutsar da ɗan abin da iska ta kawo. Ga dalma a wuri mai datti za a iya haƙuri da ita, ga sauran ƙarafa kuwa a nisance ta. Ta kwaz ta fi tsafta, tana jure zafi da asid, sai dai tana da kauri, ƙura na shigewa cikin zarenta, kuma tana ɓarɓashewa idan aka riƙe ta da gaggawa. Ta Teflon, 'yar da'ira mai faɗin milimita 47, ita ce mafi tsafta, siririya ce, kuma ƙura a samanta take zama. Aibinta biyu: takan toshe da wuri a inda ƙura ta yi yawa, kuma ruwa ba ya kama ta, sai an ɗiga mata ɗan etanol kafin asid ya ratsa. A taƙaice, XRF, wato hanyar da ke aunawa da hasken eksire, Teflon take so, hanyoyin narkarwa kuma suna tafiya da kwaz ko Teflon.

Hanyoyin aunawa gida biyu ne. Akwai waɗanda sai an narkar da ƙurar ta koma ruwa, akwai kuma waɗanda ke duba filtar yadda take.

Dattijuwar hanyoyin narkarwa ita ce AAS mai harshen wuta, wadda ta samo asali daga aikin Alan Walsh a Ostireliya a 1955. Ana fesa ruwan samfur cikin wutar asitilin, a haska fitila ta musamman ga ƙarfen da ake nema, a ga yawan hasken da aka shanye. Ba ta da tsada, ba ta da rigima, kuma mai aiki yana koyonta cikin ɗan lokaci. Amma ganinta ga dalma bai sauka ƙasa da gomman maikurogiram a lita ba a aikin yau da kullum, arsenik kuwa ba a ma maganarsa. Tarihin Amurka ya nuna iyakarta sarai: ita ce hanyar hukuma ta auna dalma tun 1978, lokacin da motoci ke shan fetur mai dalma kuma iskar birane cike take da ita. Da aka rage iyakar sau goma, sai a 2013 aka maye gurbinta da ICP-MS, wadda za mu zo kanta nan gaba. Yau da fetur mai dalma na motoci ya ƙare a duniya, tun da Aljeriya ta daina sayar da shi a 2021, wannan na'ura sai dai a kai ta bakin masana'antar narka ƙarfe ko wurin farfasa tsofaffin batura, a haɗa ta da babban inji.

'Yar'uwarta mai murhun girafait, GF-AAS, wani abu ne daban. Maimakon harshen wuta, ana ɗiga ɗigo ɗaya, kamar maikurolita 20, cikin wani ɗan bututun girafait da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Wutar lantarki ta busar da ɗigon, ta ƙone dattin da ke tare da shi, sannan ta yi tsalle zuwa zafin da kan kai digiri 2,000 ko fiye, ƙarfen ya tashi gaba ɗaya cikin 'yan daƙiƙu. Saboda tururin a tsare yake cikin bututun, ganinta ya ninka na harshen wuta sau ɗari ko fiye, kuma rabin maikurogiram ɗin nan na lissafinmu ba ya gagararta ga kadmiyom da dalma. Ga arsenik sai da kulawa, a haɗa ɗigon da ɗan faladiyom don kada ya gudu tun wajen ƙonawa. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 14902 ta amince da ita kafaɗa da kafaɗa da ICP-MS ga ƙarafan nan huɗu. Matsalarta nawa ce, domin ƙarfe ɗaya take aunawa a lokaci guda. Ka ɗauka filta 100, ƙarafa huɗu, kowanne a maimaita sau biyu, kowane zagaye minti uku: awa 40 ke nan, ban da daidaita na'ura da sauya bututun da ya ci wuta. Ga ɗakin gwajin da ƙarafa huɗun nan kaɗai doka ta ɗora masa, kuma filtocinsa ba su wuce 'yan gomomi a wata ba, ni dai ina ganin ita ce zaɓin da ake yawan rainawa ba da hakki ba.

ICP-OES tana ƙona samfur a filasma, wato iskar gas ta agon mai zafin digiri dubu shida zuwa dubu goma, ta karanta launin hasken da kowane ƙarfe ya fitar. Tana ba da ƙarafa ashirin ko talatin a tashi ɗaya, kuma tana jure ruwa mai kauri da gishiri. Ga baƙin ƙarfe, alminiyom, manganis, tutiya da jan ƙarfe, babu abin kushewa. Amma daidai inda ake buƙatarta, wato arsenik, kadmiyom da dalma a iskar da ba ta yi muni ba, a bakin iyakar ganinta suke zama. Da babban inji za ta yi, da ƙarami kuwa rahotonka zai cika da "ba a gani ba", kuma wannan ba ya nufin babu.

ICP-MS filasma iri ɗaya take amfani da ita, sai dai maimakon kallon haske, tana jan ƙwayoyin zarrar ta wasu 'yan ƙofofi zuwa cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, ta ware su bisa nauyinsu, ta ƙirga su. Ganinta yana sauka har zuwa nanogiram a lita, kuma cikin 'yan mintuna take gama ƙarafa talatin na samfur ɗaya. Tana da wata baiwa kuma da sauran ba su da ita: tana bambanta dalma mai nauyin 206 da mai 207 da mai 208, kuma da yake rabonsu ya bambanta daga wannan ma'adani zuwa wancan, ana iya bin sawun dalmar a ce ta kwal ce, ko ta masana'anta, ko ragowar tsohon fetur da ke kwance a ƙasar bakin titi.

Tana da tarkonta. Arsenik nauyinsa 75. Agon nauyinsa 40, kulorin 35, idan suka haɗe a cikin filasma sai su ba da 75 cif, na'ura ta rubuta maka arsenik ɗin da babu shi. Ƙurar bakin teku cike take da kulorin, haka samfurin da aka narkar da asid mai kulorin. Kuromiyom mai nauyin 52 yana fama da irin wannan daga agon da kabon. Maganin shi ne wani ɗan ɗaki a cikin na'urar da ake cika wa iskar heliyom, inda waɗannan haɗe-haɗen, da yake sun fi girma, suke yawan karo har su rasa ƙarfin wucewa. Idan za ka ba wani ɗakin gwaji aikin arsenik, ka tambaye su ko suna kunna shi. Sai kuma ɗawainiya. Filasmar tana shan agon kamar lita 15 a minti, babban tulun gas mai lita dubu goma ba ya wuce awa goma sha ɗaya. Tana son wutar da ba ta ɗaukewa, injin sanyaya, ruwa mai tsananin tsafta, asid na musamman, da injiniyan da za a iya samu idan ta tsaya. Kuɗin sayenta shi ne ƙaramin ɓangaren labarin, kuma na'urar da ke zaune a lulluɓe saboda agon ya yanke ba ta fi wadda ba a saya ba.

Duk waɗannan huɗun raunin su ɗaya ne, kuma ba a cikin na'ura yake ba: narkarwa. Hanyar Turai ita ce a sa filtar cikin rufaffen tulun Teflon da asid na naitirik da haidirojin feroksaid, a dafa a injin maikurowef a zafin da ya kai digiri 200 ko ɗan sama. Wannan yana fitar da dalma, kadmiyom da arsenik sosai. Amma abin da ke ɗaure cikin ƙwayar yashi da ƙurar ƙasa, irin su alminiyom, taitaniyom da kaso mai tsoka na kuromiyom, ba ya fitowa duka sai an ƙara asid ɗin HF, wanda ke cin gilashi, yake ratsa fata ya kai ga ƙashi, kuma bai kamata wanda bai samu horo ba ya taɓa shi. Saboda haka idan ka ga rahotanni biyu sun saɓa kan kuromiyom, ka fara duba asid ɗin da kowanne ya yi aiki da shi kafin ka zargi iska. Sannan kowane mataki ƙofa ce ga datti. Almakashin ƙarfe da aka yanka filta da shi yana barin nikel da kuromiyom. Wasu safunan hannu na roba suna ɗauke da tutiya. Kwalbar da ba a jiƙa a asid ba kafin aiki tana iya ba da dalmar da ta fi ta filtar. Idan ana maganar nanogiram 120, ɗan ɓarɓashin tsatsa ɗaya da ya faɗo daga rufin ɗaki ya isa ya ɓata samfur.

A nan ne XRF take samun bakin magana. Ba ta buƙatar asid ko kaɗan. Ana ɗora filtar Teflon yadda take, a haska ta da hasken eksire, kowane sinadari ya mayar da nasa hasken mai ƙarfi na musamman, a karanta komai daga sodiyom har zuwa dalma. Ba a narkar da komai ba, don haka batun abin da asid ya bari bai taso ba. Silikon, alminiyom, sulfa, kalsiyom, baƙin ƙarfe, duk suna fitowa, kuma su ne ke nuna maka kason ƙurar da ta taso daga ƙasa. Wannan ya sa manyan tsare-tsaren sa ido na Amurka, irin su IMPROVE da ke auna ƙura a gandayen daji da karkara, suka dogara da ita ga dubban filtoci. Kuɗin gudanar da ita kaɗan ne, kuma bayan an gama filtar tana nan, a iya adana ta ko a sake aunawa bayan shekaru.

Amma mu koma ga lissafinmu. Nanogiram 144 na arsenik a shimfiɗe kan fili mai kusan sukwaya santimita 12, kamar nanogiram 12 ke nan a kowace sukwaya santimita. Na'ura mai kyau za ta gani, sai dai kashi ɗaya cikin goma na wannan ya riga ya shiga hazo. Ga kuma wani cikas: babban layin arsenik, wato hasken da yake mayarwa, yana kan keV 10.54 a ma'aunin ƙarfin haske, na dalma kuma yana kan 10.55, a kan juna suke zaune. Ana auna dalma da layinta na biyu da ke wajen 12.6, a cire rabonta, abin da ya rage a ce na arsenik ne. Idan dalma ta ninka arsenik sau da yawa, kuma haka ta saba yi, to ragowar ba abin rantsuwa ba ce. Kadmiyom ya fi wuya. Ƙananan layukansa sun maƙale kusa da na fotasiyom, wanda ke da yawa a hayaƙin itace da ciyawa, babban layinsa kuma yana can sama wajen keV 23 inda yawancin na'urori ke da rauni. Ga dalma, jan ƙarfe, tutiya, manganis da baƙin ƙarfe, XRF ta wadatar, har Amurka ta amince da ita a hukumance ga dalma a PM10. Ga kadmiyom da arsenik a iska mai ɗan tsafta, kada ka jingina hukunci a kanta. Kuma tana son ƙurar ta kwanta siririya, daidai wa daida. Idan ta taru a tsakiya ko ta yi kauri, hasken ƙananan sinadarai yana shanyewa kafin ya fito.

Kada a rikita wannan da XRF ta hannu, mai kamar bindigar wasa. Hanyar da NIOSH, hukumar Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata, ta tsara mata ga dalma a wuraren aiki tana fara gani ne daga kusan maikurogiram 6 a filta, alhali iyakar Amurka ta iskar waje a kubik mita 24 maikurogiram 3.6 kacal take bayarwa. Ta dace da ɗakin ma'aikata, ba ta dace da iskar unguwa ba.

PIXE da INAA hanyoyi ne masu kyau, su ma ba sa buƙatar asid, amma ɗaya sai da injin harba furoton, ɗayar kuma sai da tukunyar nukiliya. Idan kana da alaƙa da cibiyar da ke da su, madalla. Ka dai sani INAA gwana ce ga arsenik da antimoni, amma dalma ba ta cikin abin da take iyawa.

Wanda ya fi jan hankalina a 'yan shekarun nan shi ne XRF mai aiki a wurin ɗibar ƙura, irin Xact 625. Tana tara ƙura a kan zaren Teflon mai naɗewa, ta auna nan take, ta ba da sakamako kowace awa. Filtar kwana ɗaya tana cakuɗa komai: hayaƙin masana'antar da ya ratso na awa biyu da tsakar dare zai narke cikin sauran awa 22. Da bayanan awa-awa kuwa, sai ka haɗa da alƙiblar iska ka ga daga ina abin ya fito. Jan ƙarfe, antimoni da bariyom suna tashi lokacin cunkoson motoci saboda gogewar birki, tutiya daga tayoyi, banadiyom da nikel tare idan iska ta biyo ta kan jiragen ruwa masu ƙona baƙin mai. Tsadarta da yawa, kuma raunin XRF ga kadmiyom yana nan, har ya ƙaru, tunda iskar awa ɗaya kaɗai aka tara.

Ƙarafa biyu ba sa shiga wannan kwatancen gaba ɗaya. Zaiba mafi yawanta tururi ce a iska, ta filta take wucewa, sai an kama ta da tarkon zinariya an auna da na'urarta ta daban. Kuromiyom kuma, mai haddasa ciwon daji shi ne nau'in da ake kira na shida, kuma duk hanyoyin da muka lissafa jimilla suke bayarwa. Shi sai da filta ta musamman da aka jiƙa da sodiyom baikabonet, a ajiye ta a daskare, domin yana rikiɗewa tun kafin a kai ɗakin gwaji.

To, wa zai ɗauki me? Idan aikinka shi ne tabbatar da ko an keta doka kan arsenik, kadmiyom, nikel da dalma, ICP-MS ce, ko GF-AAS idan samfura kaɗan ne kuma kuɗin agon zai gagara. Idan tambayarka ita ce daga ina ƙurar take fitowa, kuma filtocin ɗaruruwa ne, XRF a kan Teflon ta fi biyan buƙata, domin tana ba ka sinadaran ƙasa da asid ke bari. Idan kana binciken illa ga huhu, kana son sanin kason da ke narkewa a ruwa, dole ICP-MS, tunda XRF ba ta san narkakke da daskararre ba. Idan wurin yana da datti ƙwarai kuma AAS mai harshen wuta ce kaɗai a hannunka, ka nemo babban inji, ka tsaya kan dalma, tutiya, jan ƙarfe da baƙin ƙarfe, kada ka sa arsenik a teburin sakamako. Wanda kuma bai da na'ura ko ɗaya, samfura ƙasa da 'yan ɗaruruwa a shekara ba su kai a saya ba, gara ya zuba kuɗin a injin zuƙa mai kyau da filtocin Teflon, ya aika aunawa waje. Kuma da yake XRF ba ta cin filta, ana iya haɗa biyun: a wuce da dukkan filtoci ta XRF, sannan a zaɓi wasu a narkar don ICP-MS.

Ko wacce ka zaɓa, akwai abu biyu da za ka nema a rubuce. Na farko sakamakon filtar shaida, wato sabuwar filta da aka kai wurin ɗiba, aka sa a inji ba tare da an kunna ba, aka dawo da ita ta bi duk matakan da sauran suka bi. Aƙalla ɗaya cikin kowace goma. Iyakar ganinka ta gaskiya daga warwatsuwar waɗannan filtocin ake lissafa ta, ba daga takardar kamfanin da ya ƙera na'ura ba, kuma sau da yawa ga nikel, tutiya da kuromiyom takan ninka ta takardar sau da dama. Na biyu sakamakon ƙurar da aka riga aka san abin da ke cikinta. Hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta samar da SRM 1648a, ƙurar birni da aka tara a St. Louis, ga masu narkarwa, da SRM 2783, ƙura a kan filta, ga masu XRF. Idan ɗakin gwaji ya narkar da ta farkon ya samo kusan dukkan dalmar amma rabin kuromiyom kawai, to ka karɓi lambobin dalmar, na kuromiyom kuma ka rubuta a gefensu cewa abin da asid ya iya fitarwa ne kaɗai.